Maganar gidajen haya a Madawa da Buza da Keita: ina amfanin na'urorin zamani?

A ƴan shekarun nan ana yawan jin labari daga ƙasashen Turai da Amurka, har ma da manyan biranen Afirka irin su Nairobi da Legas, cewa sha'anin gidajen haya ya koma cikin na'ura. Mai neman gida yana duba hotunan ɗakuna a wayarsa, ya amince da yarjejeniya ba tare da ya riƙe alƙalami ba, ya biya kuɗin wata daga inda yake zaune. In famfo ya lalace sai ya aika da kuka ta wayar, a faɗa masa ranar da mai gyara zai zo. Kamfanonin da ke sayar da waɗannan dabaru suna cewa mai gida zai huta, ɗan haya kuma zai ji daɗin zama. Ya kamata a auna wannan magana da ma'aunin ƙasar Adar da Gobir Tudu, domin a ga abin da za a ɗauka a ciki da abin da za a bari.

Bisa ga ƙidayar jama'a ta shekarar 2012, gundumar Madawa tana da mutane fiye da dubu 500, ta Buza fiye da dubu 400, ta Keita kuwa fiye da dubu 300. A lokacin an lissafa cewa jama'ar Nijar na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 kowace shekara, saboda haka mai karatu zai iya kintata yadda adadin ya hau daga wancan lokaci. Mafi yawan waɗannan mutane a ƙauyuka suke, cikin gidajen gado, kuma a can ba a san haya ba sosai: baƙo in ya zo, mai gari ne ke nema masa masauki, abin kunya ne a ce ya biya. Haya tana a manyan garuruwan uku, da garuruwan kasuwa irin su Tamaske, Sabon Gida da Bangi.

Su wane ne ƴan hayar? Na farko ma'aikacin gwamnati ne da aka turo daga wata jiha: malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, ungozoma, jami'in gandun daji, jami'in noma. Ya iso da takardar aiki da katifa, bai san kowa ba, kuma ba shi da tabbacin ko shekara nawa zai yi kafin a sake masa wuri. Akwai ƴan makaranta da suka baro ƙauyukansu don shiga kwaleji, waɗanda ba su sami dangin da zai riƙe su ba, suka haɗa kuɗi su huɗu ko biyar suka kama ɗaki guda. Akwai fataken albasa da ke sauka a kwarin Tarka lokacin kaka, suna bukatar ɗaki da wurin ajiya na ƴan watanni. Akwai ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, waɗanda suka yawaita a Madawa da Buza tun bayan yunwar 2005. Sa'an nan akwai waɗanda tsoro ya koro. A watan Nuwamba na 2021 kaɗai, Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira ta ce mutane fiye da dubu 11 sun tsallako daga jihar Sakkwato saboda ɓarnar ƴan bindiga, akasarinsu suka sauka a ƙauyukan Bangi. Mutanen wurin sun karɓe su hannu biyu, amma wanda zamansa ya daɗe, wata rana zai shigo gari neman aiki, kuma zai nemi ɗaki.

Sha'anin masu gidajen ya fi wannan ban sha'awa, kuma a nan ne ƙasar Adar ta bambanta da sauran wurare. Tun kaka da kakanni mazan wannan yanki ƴan bida ne. Suna tafiya Abijan, Kumasi, Legas, Kamaru, daga baya Libiya da Aljeriya. Wanda Allah ya buɗa wa, abin da ya fara yi bayan aure shi ne sayen fili a gari, ya gina ɗakuna, ya rufa da kwano, ya zuba ƴan haya, domin ya san ƙarfi yana ƙarewa amma gini yana nan. Don haka gidajen haya da dama mai su ba ya ƙasar. Ya bar ƙane ko aboki ko dillali a matsayin wakili, ya koma. Masu shekaru za su tuna da aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO: mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan dashe, domin maza sun tafi bida. Haka abin yake a gidajen haya. Sau da yawa uwa ko matar mai gida ce ke zaune a sashe guda na gidan, ita ke sanin wanda ya shiga da wanda ya fita, ita ake kai wa kuka in masai ya cika, alhali kuɗin ta hannun wani namiji suke bi.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren sarki ko na mai unguwa ya san rigimar haya kusan iri uku ce. Ta farko ita ce ta biya. Ɗan haya ya ce ya biya watanni shida, wakili ya ce huɗu ya karɓa, mai gida yana Abijan ya ce uku aka aiko masa. Babu takarda, babu rasiɗi, sai rantsuwa. Ba lalle ne a ce wani ya yi sata ba. Wakili yana iya taɓa kuɗin don biki ko rashin lafiya da niyyar mayarwa, ko kuma a ce ya sayi buhun siminti ya gyara katanga bai rubuta ba. Amma ƙarshen abin ɗaya ne: zumunci ya ɓaci tsakanin wa da ƙane, ɗan haya kuma a fitar masa da kaya waje a gaban iyalinsa.

Wannan ciwo kam wayar salula tana da maganinsa, kuma maganin ba sabo ba ne a jihar Tawa. A shekarar 2010, bayan farin da ya lalata amfanin gona, ƙungiyar Concern ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar, kimanin jika 22 kowane wata ga kowane gida, har wata biyar. Wasu ƙauyuka an ba su kuɗin hannu da hannu, wasu kuwa an aika musu ta waya, ta hanyar Zap ta kamfanin Zain, wanda daga baya ya koma Airtel. Masu bincike ƙarƙashin Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka sun bi sawun abin, suka tarar matan da suka karɓa ta waya ba su yi doguwar tafiya da dogon jira kamar sauran ba, abincin gidajensu ya fi na sauran yawan iri, ƴaƴansu kuma sun fi ci. Yawancin matan nan ba su taɓa shiga aji ba. In mace a ƙauyen Adar ta iya karɓar tallafi ta waya shekaru da dama da suka wuce, ba wanda zai ce malamin makaranta a Buza ba zai iya biyan haya ta waya ba yau.

Hanyoyin kuwa suna nan. Akwai Airtel Money, akwai na Moov Africa da na Zamani Telecom, akwai kuma kamfanonin aika kuɗi na gida irin su Nita, Al Izza da Amana, waɗanda ƴan bida suka riga suka saba da su fiye da banki. Duk lokacin da aka aika kuɗi ta ɗaya daga cikinsu, ana samun shaida mai ɗauke da rana, da adadi, da lambar wanda ya aika da ta wanda ya karɓa. Rasiɗin da aka yi shekara da shekaru ana ƙyamar rubutawa ke nan, na'ura ta rubuta shi da kanta ba tare da wani ya ji kunyar roƙo ba. Mai gida a Abijan zai ga kuɗinsa a ranar da aka biya. Wakili mai gaskiya zai huta da zargi.

Sai dai akwai abubuwa da ya kamata a lura da su, domin shaidar waya tana da iyaka. Saƙon da ya zo yana cewa an aika jika 15, amma bai ce na haya ne ba, bai ce na wane wata ne ba, bai ce na wane ɗaki ne ba. Mai gardama yana iya cewa biyan wani tsohon bashi ne. Har ila yau, mutane da yawa suna amfani da layin da aka yi wa rajista da sunan wani, ko su miƙa kuɗin ga mai shago ya aika daga tasa wayar. A ranar shari'a sunan da ke cikin shaidar ba na ɗan haya ba ne. Akwai kuma kuɗin aikawa da na cirewa, wanda in ba a yi magana a kansa tun farko ba, zai zama sabon abin jayayya kowane wata. Ga kuma wani ƙaramin abu da masu ƙera waɗannan dabaru ba su cika tunawa da shi ba: waya da faran take lissafi, Bahaushen Nijar kuwa da dala yake lissafi. Abin da waya ta rubuta 15000, tsohuwar da ke gidan ta san shi da jika 15 ko dala dubu 3. Wanda ya koyi karanta lambobi a ajin yaƙi da jahilci, amma ba a koya masa raba adadin gida biyar ba, ana iya cutarsa yana kallon wayar da idonsa.

Ashe ke nan takarda ce gaba, waya na biye. Tun shekarar 1996 aka fitar da doka ta musamman a kan hayar gidaje a Nijar, wadda ta bayyana haƙƙin mai gida da na ɗan haya. Amma doka kowace iri ce, tsohuwa ko sabuwa, ba ta iya yi wa mutum aiki in bai iya nuna abin da aka shirya da shi ba. Abin da ke hana rubutu a wannan yanki sanannen abu ne: ana ganin neman takarda kamar nuna rashin yarda ne, musamman in ɗan gari ne ya kawo baƙon, ko kuma in akwai surukuta. Malamai za su iya taimakawa wajen kawar da wannan tunani, tun da ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Shafi guda ya isa: sunayen mutum biyu, kwatancen gida, kuɗin wata da faran da kuma jika, ranar biya, lambar wayar da za a riƙa aikawa, adadin kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi, wanda zai ɗauki nauyin kowane irin gyara, da yawan kwanakin da za a ba mutum kafin a ce ya tashi. A rubuta da Faransanci a gefe guda, da Hausa a ɗaya gefen, da boko ko da ajami, kowa ya ɗauki hotonsa da waya. Gara tana cin takarda, ruwa yana jiƙa ta, amma hoton da aka aika wa mutum uku da wuya ya ɓace gaba ɗaya.

Ba sai an je nesa neman abin koyi ba. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Kofo, tun daga gunduma har ƙauye. Suna ba da takardar shaidar sayen gona, da ta kyauta, da ta aro, da ta jingina, da ta haya. Manomin albasa da ya kama fadama haya a Tarka ko a Majiya yana da inda zai je a rubuta masa. Abin mamaki ne a ce gona tana da takardar haya da kowa ya san fasalinta, ɗakin da mutum ke kwana da iyalinsa kuwa sai dai baki da baki. Ma'aikatar magajin gari tana iya buɗe littafi irin wannan domin gidaje, da kwamfuta guda da ma'aikaci guda, masu unguwanni su zama shaidu kamar yadda masu gari suke a Kofo.

Rigima ta biyu ita ce ta wuta da ruwa. Gida mai ɗaki shida, mita ɗaya. Takardar Nigelec ta zo, sai a zauna rabo: wane yana da firiji, wance tana sayar da ƙanƙara, wane ya yi tafiya rabin wata, wane ya ce shi ƙwai ɗaya yake kunnawa. Wani ɗan haya ya tashi ya bar bashi, a yanke wa waɗanda suka rage, ko kuma sabon shiga ya gaji bashin da bai ci ba. Mita mai kati, wadda ake sa wa kuɗi kafin a sha wuta, ta kashe rabin wannan fitina, domin ba ta tara bashi. Sauran rabin sai an sa wa kowane sashe ƙaramar mita tasa, abin da mai gida zai iya yi da kuɗi kaɗan in an gwada da abin da ya kashe wajen gini. A wajen ruwa ma haka ne, ko a garuruwan da kamfanin NDE ke kula da su tun da ya gaji SEEN a farkon 2024, ko a inda ake sayen ruwa daga ƴan garuwa. Amma fa a sani, mita mai kati tana da nata zafi. Talakan da a da yake da wata guda na neman kuɗi kafin a yanke, yanzu da kuɗin sun ƙare wuta ta ɗauke, ko da tsakar dare ne, ko da akwai marar lafiya a ɗaki.

Rigima ta uku, ta gyara, ita ce wadda ake rasa rai a cikinta. Gidajen haya masu araha na laka ne, kuma gidan laka yana son yaɓe da gyaran indararo kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Mai gidan da ke zaune cikin gidansa yana ganin tsaga tun tana ƙarama. Mai gidan da ke Libiya ba ya gani, wakili ba ya son taɓa kuɗi, ɗan haya kuma yana cewa ba zai gyara gidan wani da albashinsa ba. Daminar 2024 ta nuna ƙarshen irin wannan jan ƙafa. Mutane fiye da 300 suka rasu a faɗin ƙasa, da yawansu gini ne ya faɗa musu, fiye da miliyan guda suka yi hasara, jihar Tawa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, ta kuma rage farashin siminti a cikin watan. A nan hoton waya da saƙon murya na WhatsApp suna da amfani na gaske. Ɗan haya ya ɗauki hoton bangon a watan Afrilu, ya aika wa mai gida kai tsaye, magini ya faɗi abin da aikin zai ci, mai gida ya amsa da bakinsa cewa a yi a cire daga kuɗin haya. Wannan murya shaida ce, kuma ba ta bukatar iya karatu. Mutane da yawa sun riga sun soma yin haka da kansu ba tare da wani ya koya musu ba. Abin da ya rage shi ne masu sasanta jama'a su saba da sauraren irin wannan shaida, su kuma san yadda ake tantance ta.

To, in amfanin ya kai haka, me zai hana masu gidaje rububin shiga? Amsar a fili take: tsoron haraji. Dokar ƙasa ta ɗora haraji a kan kuɗin da ake samu daga haya, kuma mai gida ya san littafin da ke nuna yawan ƴan hayarsa da abin da suke biya, littafi ne da ma'aikatan haraji za su so su gani. Ba a manta da zanga-zangar da aka yi a kan dokar kasafin kuɗi ta 2018 ba. In aka fito da rajistar gidajen haya da sunan kawo zaman lafiya, sa'an nan mutane suka ga takardar haraji ce ta fara isowa, za su rufe bakinsu, su ce duk waɗanda ke gidan dangi ne, a koma gidan jiya. Haraji haƙƙin ƙasa ne, ba mai musun wannan. Amma hikima ita ce a faɗi gaskiya tun farko, a bambanta tsohuwar da ke ci da ɗaki biyu da attajirin da ke da gida goma, a kuma ba wanda ya yi rajista wani abu da zai gani a hannu: saurin raba gardama in ta taso, da saurin samun mita, da takardar da banki zai karɓa in ya nemi rancen ƙara gini.

Akwai kuma haɗarin da ya kamata jami'ai su sani tun kafin wani kamfani ya zo da tallarsa. A watan Agusta na 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta kai kamfanin RealPage ƙara, bisa zargin cewa na'urarsa tana tattara bayanan masu gidaje da yawa, tana ba su shawarar farashi, har suka daina gasa da juna, haya ta yi ta hawa. Watau dabarar da aka ce za ta sauƙaƙa aiki ta zama hanyar haɗa baki a kan ƴan haya. A garin da masu manyan gidaje ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba, ba a ma bukatar na'ura mai zurfi kafin haka ta faru, zaure guda na WhatsApp ya isa. Haka kuma in aka soma tara sunayen waɗanda suka taɓa makara wajen biya ana yaɗawa, wa zai fara shiga wannan jeri? Malamin kwantaragi ne, wanda an sha yajin aiki a shekarun baya saboda jinkirin biyansa, ba don ya ƙi biyan haya ba sai don shi ma ba a biya shi ba. Na'ura ba ta san uzuri ba. Tsohon mai gida da ke cewa "Malam, bari sai an yi albashi" yana yin wani aiki da babu kwamfutar da za ta yi, kuma bai kamata sabon tsari ya kashe wannan hali ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukuma ta musamman mai suna HAPDP. Duk littafin da za a buɗe, a ma'aikata ne ko a kamfani, dole ya bi ta ƙarƙashinta: a san wanda ke da izinin dubawa, a san abin da ba za a rubuta ba. Ɗan gudun hijirar da ya baro gida saboda masu neman ransa yana da dalilin da zai sa ya ƙi a yaɗa hotonsa da kwatancen ɗakinsa.

Sa'an nan kada a manta da ƙasan da za a aza ginin. Manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, mata kuma sun fi maza baya. Kimanin mutum 1 cikin 5 ne ke da wutar lantarki. Ko masu ita sun ga abin da ya faru daga watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, ta taimaka, amma ba ta isa ta ɗauki jiha ba. Tsarin da ba ya aiki sai da babbar waya da intanet mai ƙarfi, ƴan kaɗan zai yi wa amfani, su ne kuma waɗanda dama ba a iya cutarsu. Wanda zai dace da Tabotaki da Garhanga shi ne wanda ke tafiya a ƙaramar waya, da gajeren saƙo da murya, da harshen Hausa da Tamajak, kuma yana da kwafi a takarda.

A nan ne ɗaliban yaƙi da jahilci suke da babban matsayi. A shekarun 2009 da 2010 an gwada wani shiri mai suna ABC a ƙauyukan Doso da Damagaram, inda aka haɗa koyon karatu da lissafi da koyon aiki da wayar salula. Ɗaliban da suka koyi wayar sun fi sauran cin jarrabawa, kuma sun fi riƙe abin da suka koya, domin kullum suna da abin karantawa a aljihu. Ana iya ƙara darasi biyu ko uku a azuzuwan Madawa da Buza da Keita: yadda ake karanta shaidar aika kuɗi, yadda ake juya faran zuwa dala, yadda ake cika takardar haya mai shafi guda. Wanda ya ƙware zai iya zama marubucin unguwa, ya sami ɗan abin sayen goro, kuma uwar ɗan bida za ta iya karɓar kuɗin gidan ɗanta a tata wayar ba tare da ta jira wani ba.

Abu guda dai ba na'urar da za ta yi shi, shi ne ƙara yawan ɗakuna. Muddin masu nema sun fi gidaje yawa, mai gida ne da wuƙa da nama: shi zai ce a ba da wata uku ko shida tun kafin shiga, shi zai ƙara kuɗi in ya ji wata ƙungiya ta iso gari. Ƙasar Gana tana da doka tun 1963 da ta hana karɓar fiye da wata shida a gaba, amma har yanzu a Akara ana karɓar shekara ɗaya ko biyu, saboda ƙarancin gidaje ya fi ƙarfin dokar. An buɗe bankin gidaje na Nijar a 2018, ga kuma masana'antar siminti a Malbaza, kusa da Madawa. Tambayar da ke gaban hukumomi ita ce yadda rance da kayan gini za su kai ga ƙaramin mai gida da ke son ƙara ɗaki biyu da masai mai kyau, da yadda za a yanka filaye a kan tudu, ba a bakin ƙorama ba.

Ita kanta gwamnati tana da wurin da za ta fara ba tare da ta jira kowa ba. Ita ce ke turo mafi yawan ƴan haya, tana kuma hayar gidaje domin wasu ofisoshinta. Sufetocin makarantu da shugabannin asibitoci sun san tun kafin hutu ya ƙare mutum nawa za a turo musu. In kowace ma'aikatar magajin gari ta tanadi jerin ɗakunan da ba kowa, da hotonsu da kuɗinsu da lambar mai su, aka aika wa sabon ma'aikaci tare da takardar turo shi, malamar da ta taso daga Gaya ko Difa za ta san inda za ta sauke kayanta kafin ta hau mota, maimakon ta kwana mako biyu a cikin aji tana jiran dillali. Wannan aiki bai fi ƙarfin ma'aikaci guda da waya guda ba, kuma watannin Yuli da Agusta sun isa a haɗa jerin kafin buɗe makarantu a watan Oktoba.